Kishore Kumar: Shekarun Wasan Kwaikwayo Ne Suka Gina Mawaƙin

Lokacin da Kishore Kumar ya rasu a birnin Bombay ranar 13 ga Oktoba, 1987, yana da shekara 58, Indiya ta yi makokinsa a matsayin mawaƙi, kuma da wannan sunan ake tuna shi har gobe. Sai dai mutumin ya shafe kusan rabin shekarun sana'arsa yana cin abinci da fuskarsa a gaban kyamara, a matsayin jarumin barkwanci, kafin ya zama muryar da ke fitowa daga bakin Rajesh Khanna da Amitabh Bachchan. A tsakani ya tsara kiɗa, ya rubuta baitoci, ya ba da umarni, ya zuba kuɗinsa ya shirya finafinai. Masu magana kan rayuwarsa sun kasu biyu. Wasu na cewa baiwa ce zalla, duk abin da ya taɓa sai ya yi kyau, don haka babu abin nazari. Wasu kuma na cewa taura biyu ba ta taunuwa: shekara ashirin da ya yi yana tsalle-tsalle a fim asara ce, da tun farko ya tsaya a kan waƙa da ya wuce inda ya kai. A ganina duka ɓangarorin sun kauce wa abin da ya faru. Shekarun wasan nan su ne makarantar da ta koya masa irin waƙar da ta ɗaukaka shi, domin waƙar fim a tsarin Indiya wasan kwaikwayo ce da ake yi da maƙogwaro, kuma wanda ya taɓa tsayawa gaban kyamara ya fi kowa sanin abin da ɗan wasa yake bukata daga muryar da za a ɗora masa.

Kafin a auna wannan magana sai an san yadda sana'ar take a lokacin da ya shige ta. Fim ɗin Indiya na farko mai magana, Alam Ara, ya fito a 1931, kuma tun daga shi waƙa ta zama ginshiƙin labari. A shekarun farko ɗan wasa shi ke rera waƙarsa a wurin ɗaukar hoto, makaɗa suna ɓoye inda kyamara ba ta ganin su. A 1935 kamfanin New Theatres na Calcutta ya gwada wata dabara a fim ɗin Dhoop Chhaon: a naɗi waƙar tukuna, sannan a kunna ta ɗan wasa ya bi da leɓensa. Duk da haka an ɗauki fiye da shekara goma taurari suna yin abu biyun da kansu. K. L. Saigal da Noor Jehan da Suraiya duk jarumai ne mawaƙa, har yayan Kishore, Ashok Kumar, wanda muryarsa ba ta kai ta kawo ba, shi ya rera waƙoƙinsa a Achhut Kanya na 1936. Shekarar 1947 ce ta sauya al'amura. Saigal ya rasu, aka raba ƙasar, Noor Jehan ta koma Pakistan, sai furodusoshi suka gane cewa ya fi sauƙi a nemo kyakkyawar fuska daban, a nemo zazzaƙar murya daban. Sabuwar sana'ar ba ta da martaba da farko. Faifan garmaho na shahararriyar waƙar fim ɗin Mahal na 1949 ya fito ɗauke da sunan matar da ke cikin labarin maimakon sunan Lata Mangeshkar da ta rera ta, sai da masu sauraro suka matsa wa gidan rediyo da tambaya kafin aka bayyana ta. Kishore ya iso Bombay daidai lokacin da ake tsaga sana'a ɗaya gida biyu, ya tarar kuɗi da suna suna ɓangaren fuska.

An haife shi ranar 4 ga Agusta, 1929 a garin Khandwa, cikin jihar da yanzu ake kira Madhya Pradesh, a gidan wani lauya ɗan ƙabilar Bengali, sunansa na yanka Abhas Kumar Ganguly. Yayansa Ashok ya girme shi da kusan shekara goma sha takwas, kuma ya riga ya zama babban tauraro a kamfanin Bombay Talkies. Nan Kishore ya fara, cikin 'yan amshi. Ya fara bayyana a fim a Shikari na 1946, ya samu waƙarsa ta farko shi kaɗai a Ziddi na 1948 a hannun mai tsara kiɗa Khemchand Prakash, aka ɗora ta a bakin Dev Anand. Wanda ya saurari wannan waƙa zai ji saurayi yana kwaikwayon Saigal ƙwarai da gaske. Mai tsara kiɗa S. D. Burman ne ya ja masa kunne cewa mai kwaikwayo ba ya wuce wanda yake kwaikwayo, ya nemi muryar kansa. Matsalar ita ce bai taɓa zama gaban malamin waƙar gargajiyar Indiya ba, a masana'antar da manyanta irin su Mohammed Rafi da Manna Dey suka yi shekaru suna haddar ƙa'idojinta da ake kira raga. Abin da yake da shi kunne ne mai kama komai. Daga fayafayan mawaƙin karkarar Amurka Jimmie Rodgers da na Tex Morton ya ɗauko salon karya murya tsakanin ƙirji da maƙogwaro cikin sauri, wani abu mai kama da guɗa, wanda daga baya ya zama tambarinsa. Masu tsara kiɗa na lokacin ba su ɗauke shi da muhimmanci ba. Salil Chowdhury ya so ya ƙi shi a fim ɗin Naukri na 1954 da ya ji bai yi karatun waƙa ba, sai da ya saurare shi sannan ya sauko.

Don haka ƙofar da ta buɗe masa ita ce ta wasa, kuma bai so ta ba. A wata doguwar hira da ya yi da mujallar Illustrated Weekly of India a 1985 ya bayyana cewa yayansa ne ya tura shi, shi kuwa ya riƙa ɓata aiki da gangan, yana rikita magana, yana yin fuskar dariya a wurin kuka, don a kore shi ya koma waƙa. Abin mamaki, wannan shirmen ne 'yan kallo suka so. Daga Andolan na 1951 zuwa New Delhi na 1956 da Aasha na 1957 ya zama ɗaya daga cikin jaruman da aka fi nema, manyan daraktoci irin su Bimal Roy da Hrishikesh Mukherjee suka yi aiki da shi. A 1958 ya haɗu da 'yan'uwansa biyu, Ashok da Anoop, tare da Madhubala a Chalti Ka Naam Gaadi, labarin wasu makanikai uku 'yan gida ɗaya masu gudun mata, wanda har yanzu ake lissafa shi cikin fitattun finafinan barkwanci na Indiya. A waɗannan shekaru kusan kansa kaɗai yake yi wa waƙa, in ban da Dev Anand da S. D. Burman ya riƙa ba shi a finafinai irin su Munimji da Funtoosh da Paying Guest. Har ta kai a Ragini na 1958 da Shararat na 1959 fuskar Kishore ce a majigi, muryar Rafi ce ke fita daga bakinsa. Masu cewa ya yi asarar shekaru suna kafa hujja da wannan, kuma lallai abin da ciwo. Amma a duba ta ɗaya fuskar: mutumin da zai zama sarkin masu ba wasu murya ya taɓa tsayawa yana motsa leɓe a kan muryar wani. Ya ɗanɗana wahalar bin numfashin da ba nasa ba, ya san inda waƙa take barin ɗan wasa tsaye ba abin yi, da inda take ba shi damar ɗaga gira ko juya kafaɗa.

Abin da barkwanci ke koya wa mai yin sa shi ne lokaci. Magana ɗaya in ta zo da wuri da ƙiftawar ido ba ta ba da dariya, in ta makara ta mutu. Kishore ya yi shekaru yana auna wannan a gaban kyamara, ya kwaso shi gaba ɗaya ya kai situdiyo. A waƙoƙinsa akwai dariya a tsakiyar baiti, da ajiyar zuciya, da raɗa, da shaƙuwar mashayi, da ɗan tsaiko kafin kalmar da ake jira. Waɗannan ba ƙa'idojin raga ba ne, kayan aikin ɗan wasa ne. Misali mafi bayyana yana cikin Half Ticket na 1962, inda ya fito a matsayin ƙato mai shigar yara don ya biya rabin kuɗin jirgin ƙasa. A wani wuri ya yi shigar mata yana gudun mugun labarin, wato Pran, aka tsara waƙar mace da namiji. Kishore ya rera ɓangarorin biyu shi kaɗai, yana sauya murya daga ta mace zuwa ta namiji baiti bayan baiti, kuma Salil Chowdhury ɗin nan da ya taɓa shakkar sa shi ne mai kiɗan. Mai sauraron Hausa ba baƙo ba ne ga irin wannan fasaha, domin marigayi Ɗanmaraya Jos da kuntiginsa yakan tara mutum uku ko huɗu a waƙa ɗaya, miji da mata da magulmaciya, kowa da muryarsa. Bambancin shi ne Ɗanmaraya labarinsa yake bayarwa, Kishore kuwa an ɗora masa aikin shiga jikin wani mutum da za a gani a majigi, wanda dole murya ta dace da tsayinsa da tafiyarsa da yanayin bakinsa.

A 1968 aka yi fim ɗin da ya zama kamar sharhi a kan sana'ar baki ɗaya, wato Padosan. Sunil Dutt ya fito a matsayin Bhola, wani bagidaje da ya kamu da son maƙwabciyarsa, Saira Banu, ita kuma mai son waƙa ce, shi kuwa ko amshi bai iya ba. Abokinsa, shugaban wata ƙungiyar wasan daɓe mai yawan cin ganyen paan, ya kawo shawara: Bhola ya tsaya a taga yana motsa baki, shi ya ɓuya a bayansa yana rerawa. Kishore ne wannan aboki. Abokin takararsu malamin waƙa ne daga kudancin Indiya, wanda Mehmood ya fito a matsayinsa, Manna Dey ya ba shi murya, kuma a gasar waƙar da aka yi ta taga da taga malamin ne ya sha kaye a hannun wanda ke rikita ƙa'ida yana kawo shirme. A zahiri Manna Dey ya fi Kishore ilimin waƙa nesa ba kusa ba, kuma kowa a situdiyon R. D. Burman, mai kiɗan fim ɗin, ya san haka. Amma fim ɗin ya nuna abin da masana'antar ke shirin ganewa: a majigi ba zurfin ilimi ake saye ba, ana sayen muryar da za ta sa 'yan kallo su yarda cewa wannan saurayin da ke taga shi ke son yarinyar. Wannan shi ne babban wasan Kishore na ƙarshe da aka yi ta magana a kai, kuma abin da ya kwaikwaya a ciki shi ne aikin da zai yi har ƙarshen ransa.

Shekara guda bayan haka Aradhana na Shakti Samanta ya fito. S. D. Burman ya ba Rafi waƙa biyu, ya ba Kishore uku, duk a bakin wani sabon jarumi, Rajesh Khanna. Na Kishore ne suka mamaye ƙasar, ya karɓi kyautar Filmfare ta farko yana da shekara arba'in. Rajesh Khanna yana da salon karkata kai da lumshe ido da jan magana a hankali, Kishore ya sassauta muryarsa ta bi wannan salo a Kati Patang da Amar Prem har mutane suka daina rarrabe su. Da zamanin Amitabh Bachchan ya zo, mai doguwar ƙafa da kakkaurar murya da fushin matasan shekarun 1970, sai ya saukar da muryar ƙasa, ya ƙara mata nauyi a Muqaddar Ka Sikandar, ya sake ta ta yi wasa a Don na 1978, inda ya rera wa Amitabh waƙar ɗan ƙauye mai cin paan. Ga Sanjeev Kumar a Aandhi na 1975 ya zama dattijo mai nadama, ga Rishi Kapoor a Karz na 1980 ya zama matashin dandali, alhali ya haura hamsin. Abokan aikinsa sun sha faɗin cewa kafin ya tsaya gaban makirfo sai ya tambayi wa zai hau waƙar, kuma a wane hali yake cikin labarin. Tambayar darakta ce da ta ɗan wasa. Kyautar Filmfare takwas da ya tara a rukunin mawaƙa maza, daga Aradhana zuwa Saagar na 1985, ta zo ne a kan fuskoki daban-daban, kuma wannan yawan fuskokin shi ne hujjar da ta fi ƙarfi a hannuna.

Suka ta farko da za a yi wa wannan ra'ayi mai nauyi ce. Mohammed Rafi bai yi sana'ar wasa ba, in ban da ɗan leƙowa a fim ɗaya ko biyu a ƙuruciyarsa, amma ya yi wa Dilip Kumar waƙar baƙin ciki, ya yi wa Shammi Kapoor ta hauka, ya yi wa ɗan barkwanci Johnny Walker tasa, kowanne da launinsa. In Rafi ya iya ba tare da kyamara ba, me ya sa za a ce kyamara ce ta yi Kishore? Ƙari a kan haka, akwai mawaƙan da wasa ya cutar. Mukesh ya bar situdiyo ya bi jarumta a shekarun 1950, finafinansa suka faɗi, ya dawo da ƙyar. Talat Mahmood, mai muryar siliki, ya fito a finafinai da dama a wannan zamani, kafin ya waiwayo wasu sun zauna a kujerarsa. Duk wannan gaskiya ne, kuma ya isa ya rushe duk wata da'awa cewa haɗa sana'a biyu alheri ne ga kowa. Amma bai rushe abin da nake faɗa ba. Misalin Rafi yana tabbatar da cewa waƙar fim aikin shiga jikin wani ne. Shi ya isa wurin ta hanyar horo da tawali'u da lura, yana zama ya kalli yadda Shammi Kapoor ke motsi. Kishore ba shi da horon, ya isa ta wata hanyar. Mukesh da Talat kuwa mawaƙa ne da suka je neman ɗaukakar fuska ba tare da sun iya wasan ba, don haka babu abin da suka koyo suka dawo da shi. Kishore ya iya wasan da gaske, duk da ƙin da yake masa. Sana'a ta biyu tana amfanar ta farko ne kawai idan an ƙware a cikinta har an ɗebo wani abu.

Suka ta biyu ita ce ta sa'a da gata. Ƙanen Ashok Kumar ne, ba ya cikin dubban samarin da ke kwana a tashar jirgin ƙasa suna jiran a saurare su. Tauraron Rajesh Khanna ne ya ɗaga shi, kuma kyaututtuka huɗu da ya jera daga 1983 zuwa 1986 sun zo ne bayan Mukesh ya rasu a 1976, Rafi ya bi shi a 1980, fili ya zama nasa. Ba za a musa gatan ba. Sai dai gatan ya kai shi inda ba ya so ne, ya kuma tsare shi a can shekara ashirin. Ɗaya ɗan'uwan nasu, Anoop, yana da wannan gata bai kai ko'ina ba. Maganar Rajesh Khanna kuwa tana da kaifi biyu, tunda a Aradhana ɗin an ji shi da muryar Rafi an ji shi da ta Kishore, jama'a suka zaɓa. Kuma da ɗaukakar Kishore ta rataya ne a wuyan jarumi ɗaya, da ta faɗi tare da shi a tsakiyar shekarun 1970 lokacin da kasuwar Rajesh Khanna ta ja baya. Ba ta faɗi ba, ta koma kan Amitabh da ya ture Rajesh Khanna. Shekaru goma na farko na mulkinsa ya yi su ne Rafi yana raye yana aiki, har Rafi ya sake karɓar Filmfare a kan waƙar Hum Kisise Kum Naheen na 1977.

Inda masu suka suka fi gaskiya shi ne a kan tsadar abin. Rarrabuwar hankali ta ci masa abubuwa da yawa. A tsakiyar shekarun 1960 finafinansa suka riƙa faɗuwa, ya yi ƙaurin suna wajen makara da guje wa furodusoshi, hukumar haraji ta sa shi gaba, ga matarsa ta biyu, Madhubala, kwance da ciwon zuciya har ta rasu a watan Fabrairun 1969. Labaran rigimarsa kan kuɗi sun zama almara a Bombay, ciki har da wanda ake cewa ya zo wurin aiki da kwalliya a rabin fuska saboda an biya shi rabin kuɗi. Ko an yi ƙari a irin waɗannan labarai, suna nuna mutumin da ya ga yadda ake cinye haƙƙin masu fasaha ya ƙudura ba za a ci nasa ba, ko da za a kira shi mahaukaci. Finafinan da ya shirya da kansa ma ba su daidaita ba. Jhumroo na 1961 ya nuna ya iya tsara kiɗa. Door Gagan Ki Chhaon Mein na 1964, labarin sojan da ya dawo daga yaƙi ya tarar gobara ta cinye gidansa da matarsa, ɗansa kuma ya daina magana, fim ne mai natsuwa wanda shi ya rubuta, ya ba da umarni, ya yi kiɗa, ya fito tare da ɗansa Amit Kumar, har aka sake yin sa da harshen Tamil. Amma Badhti Ka Naam Dadhi na 1974, gasar tsawon gemu don cin gado, shirme ne da ba kowa ya jure ba. A matsayin darakta Kishore bai kai sahun farko ba, kuma babu amfanin yi masa kara a nan. Abin da zan ce kawai shi ne wanda ya taɓa zama a kujerar darakta da ta mai kiɗa ya san dalilin da ya sa aka sa waƙa a wannan gurbi na labari, kuma ana jin wannan sani a yadda yake rera waƙoƙin baƙin ciki ba tare da kuka da yawa ba.

Akwai kuma abin da ya faru a zamanin dokar ta-ɓaci da Indira Gandhi ta kafa daga Yunin 1975 zuwa Maris 1977. An nemi ya yi waƙa a tarukan tallata shirye-shiryen gwamnati, ya ƙi. A watan Mayun 1976 ma'aikatar yaɗa labarai ƙarƙashin V. C. Shukla ta sa aka cire waƙoƙinsa daga All India Radio da Doordarshan, a lokacin da babu wani gidan rediyo ko talabijin a ƙasar sai na gwamnati. Hukumar Shah da ta binciki ta'asar wannan zamani ta saurari batun daga baya. Lamarin ya nuna raunin mawaƙin bayan fage: wanda murya ce kaɗai hajarsa, ana iya ɓatar da shi da takarda ɗaya. Kishore ya fi sauran kariya domin jama'a sun san fuskarsa, kuma shi kaɗai yana iya cika dandali. Yawancin mawaƙan zamaninsa sukan tsaya cik gaban makirfo da littafin baitoci a hannu, shi kuwa yana rawa, yana tsalle, yana kwaikwayon manyansa, yana ba da dariya tsakanin waƙa da waƙa. Wannan ma gadon shekarun wasa ne.

Batun ya shafe mu kai tsaye, domin an sha waƙoƙin nan ƙwarai a ƙasar Hausa. Tun shekarun 1960 gidajen silima na Kwarori a Kano da Kaduna da Jos da Zariya suke nuna finafinan Indiya, daga baya talabijin da kaset suka kai su cikin gidaje. 'Yan kallo suka raɗa wa jarumai sunaye, Dharmendra ya zama Sarkin Ƙarfi, Sanjay Dutt ya zama Ɗan Daba Mai Lasin, makaɗa irin su Abdu Yaron Goge suka juya karin waƙoƙin zuwa Hausa, masu bandiri suka mayar da wasu yabon Annabi. Amma da yawa daga cikin waɗanda suka haddace waƙoƙin Sholay da Don ba su san cewa mutum ɗaya ne ke rera wa rabin jaruman ba. Waƙar Amitabh ake cewa. Da finafinan Hausa suka kankama bayan Turmin Danya na 1990, musamman daga Sangaya na 1999, sai suka ɗauko tsarin sukutum: mawaƙi ya shiga situdiyo, jarumi ya hau waƙar, kallo ya koma kan jarumi. Muryoyi irin na Misbahu M. Ahmad da Fati Nijar da Maryam A. Baba sun sayar da finafinai masu yawa a lokacin da fosta ba ta ɗauke da hotonsu.

Shi ya sa tafiyar a Kannywood ta zama kishiyar ta Kishore. Shi ya bar fuska ya koma murya, namu mawaƙan suna barin bayan fage suna neman fuska. Umar M. Shareef ya yi shekaru wasu na hawa waƙoƙinsa kafin Ali Nuhu ya ba shi jarumta a Mansoor na 2017. Sani Danja da Adam A. Zango sun daɗe suna riƙe da abu biyun. YouTube kuma ta ba kowane mawaƙi damar fitowa a bidiyonsa ba tare da jiran furodusa ba. Ba laifi ba ne, kuma dalilin a fili yake: inda ake biyan mawaƙi sau ɗaya a sallame shi, jarumi kuma ya ci gaba da cin moriyar waƙar a wurin biki da talla da taron siyasa, duk mai hankali zai nemi a san fuskarsa. Kishore ya iya komawa bayan fage ne domin a 1969 Indiya ta riga ta gina wa mawaƙin fim matsayi, da sunansa a faifai, da kyautarsa ta shekara-shekara tun ƙarshen shekarun 1950, da farashin da yake yanka wa kansa, bayan gwagwarmayar da irin su Lata Mangeshkar suka yi kan suna da kason ciniki. Don haka masu cewa mawaƙanmu su tsaya a kan waƙa su daina haɗama suna ɗora laifi inda ba ya nan. Mawaƙin da ya shiga wasa don ya koyi yadda labari ke tafiya zai dawo da murya mai amfani ga fim. Wanda ya shiga don a gan shi kawai zai bi sawun Mukesh da Talat. Furodusoshin da ke son a samu ƙwararrun da za su zauna a situdiyo su ba jarumai murya, sai su fara da rubuta sunan mawaƙi a fosta da kuma ba shi kaso a cinikin waƙarsa.